Maniƙar Ruwa ta Villeneuve a Faransa: Tarihin Ginin da Sauyawarsa Zuwa Gidan Zama

1.0 Gabatarwa

A wani ɗan gari mai suna Saint-Arnoult-en-Yvelines, kimanin kilomita 50 kudu maso yamma da birnin Paris, akwai wani tsohon gini a bakin wani rafi da ake kira Rémarde. Mutanen wurin suna kiransa Moulin de Villeneuve. Asalinsa yana komawa ne ga ƙarnonin tsakiya na Turai, ko da yake yawancin abin da ido ke gani a yau gyare-gyaren ƙarni na 18 da na 19 ne. Shekaru ɗaruruwa aikinsa shi ne niƙa hatsi da ƙarfin ruwa. A shekarar 1951 sha'irin nan na Faransa, Louis Aragon, ya saye shi, shi da matarsa Elsa Triolet suka mai da shi gidan zama, kuma a cikin lambunsa aka binne su duka biyu.

Manufar wannan maƙala ita ce a bi sawun wannan gini, a ga abin da ya ba shi siffarsa tun farko, da abin da ya kashe sana'ar da aka gina shi dominta, da kuma abin da ya saura bayan ya zama gida. Abin da za a nuna shi ne, ruwa da aiki su ne suka tsara ginin, amma da masu hali suka gaje shi, ruwan da bangon aka adana, aikin da ma'aikatan kuwa suka fita daga labarin.

Tun da irin wannan gini ba sananne ba ne a ƙasar Hausa, ya kamata a daidaita kan sunansa. A nan za a yi amfani da kalmar "maniƙa", jam'i "maniƙu", bisa ƙa'idar da ta ba da majema da maƙera da masaƙa, watau wurin da ake yin wata sana'a. Maniƙar ruwa ke nan ita ce ginin da gudun ruwa ke juya dutsen niƙa a cikinsa.

2.0 Yadda Ruwa Ya Tsara Ginin

Mai gina gidan zama yakan guji bakin rafi saboda danshi da ambaliya. Mai gina maniƙa kuwa ba shi da wannan zaɓi, domin inda ruwa ke da ƙarfi nan ne tilas ya kafa harsashi. Ƙaramin rafi irin Rémarde ba shi da saurin da zai juya dutse da kansa, sai an yi masa dabara. Dabarar ita ce a yi madatsa a can sama, a karkatar da wani kaso na ruwan zuwa cikin wata magudana da aka haƙa. Magudanar takan tafi kusan a miƙe, ba ta gangara sai kaɗan, alhali shi rafin yana ta gangarawa. Kafin a iso ginin, sai ruwan magudana ya zama yana sama da na rafi. Wannan rata ita ce dukiyar maniƙa, domin faɗowar ruwan daga sama zuwa ƙasa ita ke yin aikin. Bayan ya gama sai wata magudanar ta mai da shi cikin rafi. Saboda haka idan aka ce maniƙa, ana nufin madatsa da magudana da ƙofofin ruwa da ginin gaba ɗaya, abin da kan kai tsawon ɗaruruwan mitoci.

Abin da ruwan ke juyawa wata ƙatuwar ƙafa ce irin ta amalanke, wadda aka jera wa allunan katako ko 'yan kwatarniya a gefenta. Iri uku ne suka fi shahara. Akwai wadda ruwa ke bi ta ƙarƙashinta yana tura ta, akwai wadda yake bugu a tsakiya, akwai kuma wadda yake zubowa daga bisanta, nauyinsa ya riƙa saukar da ita. A shekarar 1759 wani injiniya Bature ɗan Ingila, John Smeaton, ya nuna ta hanyar gwaji cewa wadda ruwa ke zubo wa daga sama tana cin moriyar ƙarfin ruwa kusan ninki biyu na wadda yake bi ta ƙarƙashi. Wannan ne ya sa masu maniƙun ƙananan rafuka suke ƙoƙarin samun rata mai tsawo gwargwadon yadda ƙasa ta yarda.

Daga tsakiyar ƙafar wani gungume yake ratsa bango ya shiga cikin ginin. A can ciki an saka masa faifai mai haƙora, wanda ke cizon wani ƙarami, ta yadda juyin da ke tafiya a tsaye zai koma a kwance, ya kuma ƙara sauri. Ƙafar ruwa ba ta cika wuce juyi 10 a minti ɗaya ba, amma dutsen niƙa yakan yi fiye da juyi 100. Duwatsun biyu ne, kamar dai dutsen niƙan da aka sani da ɗansa, sai dai waɗannan kewayayyu ne, faɗin kowanne ya ɗara mita ɗaya. Na ƙasa a kafe yake, na sama ke juyawa, kuma ba a bari su taɓa juna. Akan sassaƙa musu tsagogi waɗanda ke yanka ƙwayar su kuma tura garin zuwa gefe, in sun dakushe a ɗaga dutsen a sake sassaƙa shi. Duwatsun da suka fi suna a duniya a wannan aiki daga garin La Ferté-sous-Jouarre ake haƙo su, gabas da Paris.

Wannan aiki shi ya raba cikin ginin hawa-hawa. Akan jawo buhunan alkama zuwa hawan ƙoli da igiya, daga nan hatsin ya gangaro ta mazurari zuwa hawan tsakiya inda duwatsu suke, garin kuma ya zubo hawan ƙasa inda ake tankaɗewa a ɗura a buhu. Ke nan tsawon ginin bukatar aiki ce, domin nauyin hatsi ne ke ɗauke wa mai niƙa dako. Kaurin bango, musamman na wajen ruwa, da manya-manyan ginshiƙan katako, an yi su ne don su jure girgizar duwatsu dare da rana. Waɗannan siffofi uku, watau tsawo da kauri da maƙwabtaka da ruwa, su ne daga baya suka ja hankalin masu neman gidan hutawa.

3.0 Maniƙa da Mulki

Niƙa da ƙarfin ruwa tsohuwar fasaha ce. Vitruvius, masanin gine-gine na Rum, ya bayyana yadda take aiki tun a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa (A.S.). A Barbegal, kusa da garin Arles a kudancin Faransa, har yanzu ana ganin kufan wata maniƙa ta Rumawa ta ƙarni na 2, wadda ke da ƙafafu 16 a jere biyu a kan gangaren dutse. Amma bazuwarta cikin ƙauyuka sai a ƙarnonin tsakiya. Ƙidayar dukiya da aka yi a Ingila a 1086, wadda ke cikin littafin da ake kira Domesday, ta nuna maniƙu fiye da 5,600.

Masanin tarihi Marc Bloch, a wata maƙala da ya buga a 1935, ya nuna cewa wannan bazuwa ba ta faru don son talakawa kaɗai ba. Gina maniƙa yana cin kuɗi, kuma ruwan rafi yana hannun masu ƙasa ne, watau sarakuna da barade da gidajen ruhubanawa. Domin su mai da kuɗinsu su kuma ci riba, sai suka kafa wata doka da Faransawa ke kira banalité, wadda ta tilasta wa duk wanda ke zaune a ƙasar mai gida ya kai hatsinsa maniƙar mai gidan, ya bar wani kaso a matsayin lada, sau da yawa kashi 1 cikin 16. Wanda aka kama ya kai wani wuri akan ci shi tara. Babban abokin gābar wannan doka shi ne ɗan dutsen niƙa na hannu da ke cikin gidaje, don haka aka riƙa farautarsa.

Misalin da Bloch ya kawo daga Ingila ya isa ya nuna zafin rikicin. A garin St Albans, a 1331, shugaban gidan ruhubanawa ya ƙwace duwatsun niƙa na mutanen gari, ya sa aka daɓe ɗakin baƙi da su. Bayan shekara 50, lokacin boren manoma na 1381, mutanen suka kutsa cikin gidan, suka tone daɓen, suka farfasa duwatsun suka raba wa juna gutsattsarin. Wanda ya san matsayin dutsen niƙa a tsakar gida zai gane abin da aka taɓa.

A cikin irin wannan tsari ne aka kafa maniƙun yankin da Villeneuve take. Wurin kuwa ya dace, domin Saint-Arnoult yana kan tsohuwar hanyar Paris zuwa Chartres, a bakin filayen Beauce, waɗanda su ne rumbun alkamar babban birnin. Beauce ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya mai ƙarancin rafuka, shi ya sa alkamarta takan nemi ƙananan koguna na gefenta don niƙa kafin ta wuce Paris. Dokar tilastawa ta daɗe har zuwa juyin juya halin Faransa, inda aka soke ta tare da sauran haƙƙoƙin masu ƙasa tsakanin 1789 da 1793. Maniƙu da yawa suka koma hannun 'yan kasuwa da masu niƙa na kansu, kuma binciken da gwamnatin Napoleon ta yi a 1809 ya ƙidaya maniƙun ruwa fiye da 80,000.

4.0 Mutuwar Sana'ar

Ruwa ba ya tsami banza. Abubuwa uku ne suka haɗu suka durƙusar da ƙananan maniƙu a cikin ƙarni na 19. Na farko shi ne sabbin hanyoyin samun ƙarfi. A 1827 Benoît Fourneyron ya ƙera injin ruwa mai farfela wanda ya fi tsohuwar ƙafa aiki, sa'an nan injin tururi ya raba niƙa da bakin rafi gaba ɗaya. Na biyu shi ne jirgin ƙasa, wanda ya sa alkama ta iya tsallake ƙauye ta tafi kai tsaye inda babban inji yake. Na uku, wanda ya fi duka tasiri, shi ne niƙa da gangunan ƙarfe masu murzawa a madadin dutse. An inganta wannan hanya a ƙasar Hungary, ta kuma bazu cikin Faransa a shekarun 1880. Ita ce ke raba dusa da ƙwaya sarai, ta ba da farar fulawa mai jure ajiya, irin wadda masu gasa burodi a birni ke so.

Daga nan kasuwar Paris ta koma hannun manyan masana'antu, irin na Corbeil da Pantin, da kuma Grands Moulins de Paris da aka gina tsakanin 1917 da 1921. Mai niƙa na bakin rafi, wanda ke dogara da damina da kuma duwatsu biyu ko huɗu, ba shi da yadda zai yi gasa da su. Maniƙu dubbai suka tsaya. Waɗansu suka rushe, waɗansu suka zama rumbuna, a waɗansu kuma aka sayar da ƙarafan aka bar bango. Lokacin da Aragon ya sayi Villeneuve ta riga ta daina niƙa.

5.0 Villeneuve a Hannun Aragon da Triolet

An haifi Louis Aragon a 1897. Yana cikin manyan sha'irai da marubutan Faransa na ƙarni na 20, kuma jigo ne a Jam'iyyar Kwaminis ta ƙasar har ƙarshen ransa. Elsa Triolet kuwa a birnin Mosko aka haife ta a 1896. Sun haɗu a Paris a 1928, suka yi aure a 1939. Ita ce mace ta farko da ta ci kyautar adabi ta Goncourt, wadda aka ba ta a 1945. Dalilin sayen maniƙar sananne ne: Aragon ya so matarsa, wadda baƙuwa ce ta asali, ta mallaki wani yanki na ƙasar Faransa da zai zama nata. Ba su bar gidansu na Paris ba, Villeneuve ta zama wurin da suke zuwa hutawa da rubutu. A shekarun nan ne Aragon ya fitar da La Semaine sainte a 1958 da Le Fou d'Elsa a 1963. Wannan na biyun ya ɗauko tushensa daga labarin Majnun da Laila da kuma faɗuwar birnin Garnaɗa na Andalus.

Wani abin lura shi ne, Elsa ta karanta ilmin zanen gine-gine a Mosko tun tana budurwa, kuma ita ce ta ɗauki nauyin tsara cikin gidan da lambunsa. Matsalar da ke gaban duk mai son zama a maniƙa ita ce an gina ta ne don inji, mutum kuwa bukatarsa dabam ce: yana son haske da ɗumi da shiru, ginin kuma duhu da danshi da ƙara ya gada. Mafi sauƙin magani shi ne a toshe magudana, a cike ramin ƙafa, a yanyanka babban fili zuwa ƙananan ɗakuna. A Villeneuve ba a bi wannan hanya ba. Babban filin da ke jikin ramin ƙafa shi ya zama zauren baƙi, mai dogon rufi, an jera littattafai a bangonsa. Ƙafar ruwan babu ita, amma an bar raminta, an kuma bar ruwan yana bi ta ciki, ana hangensa ta wata kewayayyar taga ta gilashi daga cikin zauren. Ƙofar ruwan ma tana aiki, kuma an san Aragon da son buɗe ta a gaban baƙi, rugugin ruwa ya cika ɗakin.

Wannan zaɓi shi ne ya bambanta gidan. Wanda ya tsaya a zauren zai iya gane inda ruwa ke shigowa, da tsawon ratar da yake faɗowa, da inda gungumen ƙafa ya kamata ya ratsa. Amma ma'anar abin ta juya. Ƙarar da a da take nufin dutse na juyawa, kuɗi na shigowa, yanzu ta zama abin nishaɗi da ake kunnawa a kashe in an ga dama. Haka kuma filin da ke kewaye, mai faɗin fiye da hekta 5, wanda dausayi ne da magudanu, ya koma lambun yawo mai 'yan gadoji da hanyoyi.

Elsa ta rasu a gidan ranar 16 ga Yuni, 1970. Da izini na musamman aka binne ta a wani tudu cikin lambun, kuma har yanzu kalandar da ke ɗakin rubutun Aragon tana tsaye a kan wannan rana. Aragon ya rasu ranar 24 ga Disamba, 1982, aka binne shi kusa da ita. Ya bar wa gwamnatin Faransa gidan da abin da ke ciki, har da littattafai kimanin 30,000, aka kuma buɗe shi ga jama'a a 1994.

6.0 Kwatanci da Maniƙar Tuilerie

Domin a gane cewa abin da ya faru a Villeneuve yayi ne na zamani, ya kamata a dubi wata maniƙar da ba ta wuce tafiyar sa'a guda a mota daga nan ba. Ita ce Moulin de la Tuilerie a garin Gif-sur-Yvette, a bakin rafin Mérantaise, wadda babban gininta na ƙarni na 18 ne. Wani mai zane da ake kira Drian ya fara mai da ita gida, sa'an nan a 1952 ta koma hannun tsohon Sarkin Ingila Edward na VIII, wanda ya yi murabus a 1936, da matarsa. Shi ne wanda aka yi wa babban hawan daba a Kano a 1925, lokacin yana Yarima mai jiran gado. A Tuilerie an mai da rumbuna da ɗakunan dabbobi masaukin baƙi, aka kuma ɗauko gwanin tsara lambu, Russell Page, ya tsara filin. An sayar da gidan bayan rasuwar tsohon sarkin a 1972.

Ga mutum biyu da ba abin da ya haɗa su a aƙida, ɗaya ɗan kwaminis ɗaya tsohon sarki, a cikin shekara biyu sun zaɓi gini iri ɗaya a yanki ɗaya. Ruwan rafukansu ma a kogi ɗaya yake haɗuwa, watau Orge, kafin ya faɗa Seine. Dalilin a fili yake. Mota ta kusantar da ƙauye ga birni, ga kuma gine-gine masu ƙarfi, a keɓe, a bakin ruwa, waɗanda sana'arsu ta mutu. Abubuwan da suka kasance wahala ga mai niƙa su ne suka zama abin marmari ga mutumin birni.

7.0 Haƙƙin Ruwa a Yau

Akwai wani gado na zamanin masu ƙasa da bai mutu ba. A dokar Faransa, maniƙar da ke kan ƙaramin rafi, in an tabbatar tana nan tun kafin 1789, tana da haƙƙin amfani da ruwa ba tare da neman sabon izini ba, muddin madatsa da magudana ba su rushe ba. Ɗaya daga cikin hujjojin da ake kawowa shi ne taswirar Cassini ta ƙarni na 18, wadda ta sa alamar maniƙu. Ke nan wanda ya sayi tsohuwar maniƙa don zama ya sayi haƙƙi da kuma nauyin kula da ruwa.

Wannan ya jawo jayayya. Bayan ƙa'idar ruwa ta Tarayyar Turai ta 2000 da dokar Faransa ta 2006, hukumomi sun ƙarfafa rushe madatsu da dama domin kifi da yashi su sami hanya. Masu maniƙu da ƙungiyoyin kare kayan tarihi suka ƙi, suna cewa maniƙa ba madatsa gawa ce. A 2021 majalisa ta sa wani sashe a dokar yanayi wanda ya hana a ɗauki rushe madatsar maniƙa a matsayin hanyar cika wannan sharaɗi. Wannan jayayya ta sake tabbatar da abin da aka faɗa a sama, cewa ginin da ruwan abu ɗaya ne.

8.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata an ga cewa mai da maniƙa gidan zama ya ceci gine-gine da yawa daga rushewa, kuma a Villeneuve an yi shi da sanin ya kamata, tun da an bar ruwa a inda yake. Amma ceton yana da farashi. Shekara 19 kacal Elsa Triolet ta yi tana zuwa gidan, daga 1951 zuwa 1970, ga shi kuwa sunanta da na mijinta ne wurin ke ɗauke da shi a yau. Masu niƙa da masu sassaƙa dutse da manoman da suka yi ɗaruruwan shekaru suna sauke buhu a ƙofarsa ba su bar littafi ko kabari a lambun ba.

Darasin da ke nan ga mai nazarin al'adu shi ne, tsohon gini yakan tsira ne in ya sami sabon aiki, kuma sabon aikin ne ke zaɓar abin da za a tuna. Saboda haka wajibi ne mai bincike ya koyi karanta ginin kansa: kaurin bango, tsawon rufi, ramin da ba kowa a ciki, da magudanar da ke bayan gida. A Villeneuve waɗannan su ne shaidar da ta rage ta mutanen da suka yi aiki a wurin kafin marubuta su zo.